Hannun da Ke Miƙawa Hagu

Hannun ƙarfen ya ɗauki takalmi, ya shafa masa gam, ya danna ƙasansa, sannan ya miƙa shi hagu, inda babu kowa. Ya tsaya cak, kamar mai jiran a karɓa. Can ya dawo da shi, ya ajiye.

Kwamared, tsohon ma'aikaci a masana'antar takalmin, ya ƙura wa hannun ido.

Duk masana'antar an san shi da wa'azi ɗaya, a ɗakin cin abinci, a bakin ƙofa, har a zaman makoki: inji ba maƙiyin ma'aikaci ba ne, a bar shi ya girma, shi zai kayar da 'yan jari-hujja da kansa. Gajere, ƙanin marigayiya matarsa, yakan ce, "Yaya, injin da wani ya saya, kai zai yi wa biyayya?" Kwamared yakan ce matsalarsa rashin karatu. Shi ya sa da kamfani ya nemi wanda zai sa safar hannu mai wayoyi domin inji ya koyi aiki daga motsinsa, kowa ya noƙe, shi kuwa ya miƙa hannu biyu.

Yau aka tara su kallon ɗalibin nasa. An riga an sanar cewa ƙarshen wata za a sallami ma'aikatan layinsu gaba ɗaya, har da malamin.

"Ga juyin juya halinka nan, Yaya," in ji Gajere. "Da mu ya fara."

Hannun ya sake miƙawa hagu, ya sake jira.

"Wannan 'yar matsala ce," in ji injiniyan kamfanin, yana latsa kwamfutarsa, sannan ya dubi Kwamared. "Mun rasa inda ya samo ta. Baba, me kake yi a hagun nan?"

Tsofaffin layin suka sunkuyar da kai. Tebur na hagu nan ne wurin matar Kwamared a da. Ita ce mai duba ɗinki, daga hannunsa take karɓa. Tun da ta rasu aka ɗauke teburin. Shi dai ya ɗauka tuni hannunsa ya daina zuwa can, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Gajere ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta.

"Kun sani?" Kwamared ya tambaye shi.

"Kullum muna gani, Yaya."

Kwamared ya juya ga injiniyan. Duk littattafan da ya haddace, ba wanda ya zo bakinsa.

"Ɗana, a bar masa wannan."

"Ai ɓata lokaci ne, Baba," in ji injiniyan cikin ladabi, ya danna maɓalli.

Hannun ya ɗauki takalmi, ya shafa, ya danna, ya ajiye. Bai ko waiwayi hagu ba.