Sandar Kakan Raihana

Kakana Sharu yana da sandar ƙarfe wadda mahaifinsa ya dogara da ita daga Kano har Gadarif, a kan hanyar Makka da bai ƙarasa ba. Duk baƙon da ya shigo gidanmu sai ya sha labarinta kafin ya sha shayi. Wai babu ƙarfe irinta a Sudan kaf. Mun ji har kunnuwanmu sun yi kanta.

Shekarar da takunkumi ya sa kayan gyara suka yi wuya, ƙarfen da ke haɗa tarakta da tirelar kawuna Gado ya karye, ga riɗi a yanke a gonar Gedambaliya. Kaka ya miƙa masa sandar.

"Soka wannan a wurin. Ko dutse ne za ta ja."

Ita kaɗai ta rage masa daga ubansa, kuma na san taraktar nan za ta tsinka ta biyu. Shi kawu Gado, sarkin kunya, sai sosa ƙeya yake yi.

Na ce wa Kaka cikin wasan jika, "Mijina, bari a gwada ta tukuna."

"Kai, amarya! An kai ki makarantar kanikanci don ki raina kayan gidan miji?"

"Bugu ɗaya ne, wallahi."

Muka ɗunguma rumfar Osman maƙeri a kasuwa. Na ciro ƙwallon boris, ɗan dunƙulen ƙarfe mai tauri na cikin ƙafar mota, na ɗora a kan sandar, na danne shi da guntun karyayyen ƙarfen. Na yi musu bayani yadda aka koya mana: bugu ɗaya zai bar rami a jikin kowanne, kuma wanda raminsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi tauri, shi zai fi jure ja kafin ya tsinke.

"Halas, shi ke nan, buga," in ji Kaka. "Ku dai tanadi wani ƙwallon."

Osman ya sauke guduma, ƙwal! A jikin karyayyen ƙarfen, ramin bai wuce ƙwayar riɗi ba. A jikin sandar kuwa, ƙwayar dawa za ta zauna daram har da juyi. Wanda ya karye ma ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kaka ya daɗe yana shafa ramin da babban yatsa, ni kuwa tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Can ya ce, a hankali, "Na tuna Baba yana miƙe ta a gwiwarsa in ta lanƙwashe. Na ɗauka ƙarfinsa ne ya kai haka." Ya saɓa ta a kafaɗa. "Gado, je ka nemi wani ƙarfen. Wannan ta gama tata tafiyar."

Osman ya yanko guntun tsohon gatarin lori, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, aka soka a mahaɗin tirela, riɗi ya iso gida lafiya.

Ranar Juma'a muka yi baƙo daga Ƙala'at an-Nahal. Ina kawo shayi na ji Kaka yana nuna masa ramin.

"Ka ga nan? Haƙorin kura ne, a dajin Darfur. Tambayi amaryata, ita ta yi karatun ƙarfe."

Baƙon ya juyo yana kallona. Kaka ma haka, yatsansa na kan ramin.

Na ce, "Ƙatuwar kura ce kuwa. Sha shayinka kada ya huce."