Gurbin Dolly

Su biyu suka fito har bakin matakala suka tarbe ta, ɗanta Crispin da matarsa Imogen, kowanne da murmushi fes kamar cokalin da aka goge don baƙi. Tun daga nan Lady Dorothea ta san da walakin goro a miya. Shekara da shekaru tana zuwa gidan Wenlow cin abincin Kirsimeti, ba ta taɓa samun mai fitowa tarbarta ba sai karnuka. Yau kuwa ba Kirsimeti ba, ba bikin kowa ba. Talata ce kawai a watan Yuni, ga ta bai daɗe ba da aka sallamo ta daga asibiti da ƙullin magungunan zuciya.

"Mama, kin ga yadda kika murmure kuwa?" in ji Imogen, tana sumbatar iskar da ke kusa da kumatunta. "Wa zai ce kin yi jinya?"

"Likita," in ji Lady Dorothea. "Riƙe mini sandar nan, ki daina riƙe ni."

Aka zaunar da ita a hannun daman Crispin, kujerar da ake ajiye wa manyan baƙi. An fito da farantan azurfar marigayiya surukarta, waɗanda ba sa ganin rana sai aure ko mutuwa. Ga gasasshen naman rago da miyar na'a-na'a, abincin da ta fi so, wanda ba ta taɓa zaton wani a gidan ya kula ba. A ɗaya ɓangaren teburin kuma ga Rabaran Tidmarsh na cocin ƙauye, ya ɗaura adiko a wuya yana kallonta da irin tausayin da ake yi wa gidan da za a rushe. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Tsohuwa mai ciwon zuciya, da Rabaran a teburi ranar Talata: wannan ba ya buƙatar boka.

Aure uku ta yi, kuma duk ƙasar ta gama yanke hukunci a kansu ba tare da an tambaye ta ba. Na fari, da Aubrey, Lord Wenlow, shi ne wai auren soyayya. Tana budurwa ɗanya, shi kyakkyawan hafsa, yaƙi ya ci shi a Faransa tun kafin ta haifi Crispin. Na biyu, da Sir Jocelyn Thrale, shi ne wai kuskure. Ya tafi da ita Lisbon aikin jakadanci, uwar Aubrey ta ce magajin Wenlow ba ya tashi a ƙasar wasu, aka bar yaron hannun kakarsa. Jocelyn kuwa ya ƙare a ɗakin matar wani jakada, kotu ta raba su. Na uku, da Emlyn Pugh, likitan dabbobi, shi ne wai abin kunya. Mutumin da ke shigowa Wenlow ta ƙofar barga ya duba kofaton dawaki, shi ne zai auri 'yar gidan sarauta! Dangi suka riƙa furta sunan Pugh kamar mai tofar da ƙayar kifi. Crispin bai taɓa zama teburi ɗaya da shi ba har Emlyn ya koma ga Mahaliccinsa.

Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa ta kwana a ɗakunan uku. Cikin mazan nan Emlyn kaɗai ya taɓa tambayarta ko ƙafarta ta yi sanyi. Tokar gawarsa da aka ƙone tana cikin gwangwanin ganyen shayi a kan kantar ɗakinta, kamar yadda ya roƙa cikin raha, tana jiran ranar da za a haɗa su rami ɗaya a ƙauyensu na Wales. Sai dai gawa ba ta kai kanta. Crispin ne zai binne ta, kuma inda ya ga dama.

"Mun gyara 'yar maƙabartar da ke bayan cocin gida, Mama," in ji Imogen tana zuba mata dankali. "An kankare gansakukar duka. Tun da muka buɗe gidan ga masu yawon buɗe ido, can suka fi tsayawa. Ran nan wata Ba'amurkiya har kuka ta yi a gaban dutsen Baba Aubrey."

"Kukan yana cikin tikitin, ko daban ake biya?"

Rabaran ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. "Rubutun ne, ranki ya daɗe, rubutun ne. 'Aubrey, da Dolly, amintacciyarsa.' Ga ranar rasuwarsa, amma gaban sunan na biyu fili ne, yana jira. Na kawo shi a wa'azin ɗaurin aure ya fi a ƙirga. Nakan ce wa amare, ku dubi Dolly. Duk inda rayuwa ta kai ta, gurbinta yana nan."

Lady Dorothea ta ajiye cokali mai yatsu a hankali.

Dolly karya ce. Baƙar karyar farauta mai dogayen kunnuwa da warin baki, wadda Aubrey ya raina tun tana 'yar kwikwiya. Ranar aurensu, a cikin motar da ta ɗauko su daga coci, ya dafa gwiwar amaryarsa ya ce, "Kin ga, yanzu ina da Dolly biyu." Ta ce masa sunanta Dorothea, ba Dolly da Turawa ke gajarce shi ba, kuma ba ta amsa fito. A 'yan watannin da suka yi tare, karyar ce ke kwana a tsakaninsu, ita ake yi wa hira da safe, ita aka rungume a tashar jirgin ƙasa. Da labarin mutuwarsa ya zo, karyar ta ƙi cin abinci har ta bi shi. Dorothea kuwa, da ciki ya sa ta yunwa, ta cinye nata ta nemi ƙari, abin da surukarta ba ta yafe mata ba har abada. Gawar Aubrey tana Faransa tare da sauran sojoji. Abin da ke ƙarƙashin dutsen nan karya ce kaɗai, tsohuwar ta sa mai lambu ya binne ta a ɓoye, ta kuma hana a rubuta kwanan wata don kada Rabaran na lokacin ya yi tambaya. A irin waɗannan gidaje, inda ake raɗa wa karnuka sunan mata, matan kuma a kira su Bunty da Topsy har su yi jikoki, wa zai rarrabe? Duk waɗanda suka san zancen sun riga ta gaba.

"Shi ya sa muke tunani," in ji Imogen, ta sassauta murya, "idan lokaci ya yi, Allah ya sa da sauran nisa..."

"Da da sauran nisa, da ba a gasa rago ba. Ƙarasa."

"Ki dawo gida, Mama. Kusa da shi. Kwanan wata kawai za a ƙara."

Kwanan wata kawai. Wato a shafe Thrale, wanda ba ta damu ba, a shafe Pugh, a miƙa ta ga Amurkawa su yi ta sharɓar hawaye. Ta dubi matar ɗanta, ta hango a idonta shagon sayar da katuna da tawul masu hoton dutse. Wannan mai sauƙin karantawa ce. Wanda ya dame ta shi ne Crispin. Tun da aka zauna bai ce uffan ba, sai yanka nama yake ƙanana ƙanana kamar mai shirin ciyar da jariri. Shi ya kitsa, ya sa matar a gaba? Ko ita ta kitsa, ta ɗaure masa baki?

"Crispin, kai ni in ga gyaran."

Imogen ta miƙe. Rabaran ya fara kwance adiko.

"Crispin na ce. Rabaran, ga kek ɗin tuffa can yana zuwa, zunubi ne a bar shi ya huce."

Suka bi ta cikin lambu, ita da sandarta, shi da hannuwa a baya. Kansa ya yi fari, ya fara ranƙwafawa. Ya wuce shekarun da ubansa ya yi a duniya nesa ba kusa ba, uban da bai taɓa gani ba sai a hoto. Dutsen yana nan a inuwar katanga, an wanke shi tas, haruffan sun fito kamar jiya aka sassaƙa. Wani ya ajiye furanni a gindinsa.

Ta tsaya tana auna abin. Masu iya magana sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma ta lura masu faɗin haka ba su ne za su kwana da kazar ba. In ta yi shiru, za ta kwanta gefen karya har tashin ƙiyama, da lambar aminci a kanta, Emlyn kuma wata mai shara ta buɗe gwangwani ta ga ba shayi ba ne ta juye a bola. In ta yi magana, ta ƙwace wa wannan dattijon tatsuniya ɗaya tilo da yake da ita, cewa uwarsa da ubansa sun taɓa son juna.

"Crispin, ba a taɓa kirana Dolly ba."

Bai ɗago ba.

"Karyar ubanka ce. Ita ce a ƙasan nan, ita kaɗai. Amintacciya kuwa, ba ƙarya, ta fi ni."

"Na sani, Mama."

Ta juyo da dukan jikinta, don wuyan ya daina juyawa shi kaɗai.

"Tun ina yaro," ya ce. "Na tambayi Kaka wace ce Dolly, ta ce in tambayi uwata in na gan ta. Sai na tambayi tsoho Hobday mai lambu. Ya kai ni rumfar tukwanen fure ya nuna mini abin wuyanta, yana rataye a ƙusa."

"Imogen fa?"

"Ba ta sani ba. Rabaran ma haka. Ya riga ya aurar da rabin ƙauye a kan karyar nan, ina zan fara?"

Dariya ta taso mata, ta danne ta. Ba ta gama bincike ba.

"To don me? Ka san abin da ke ƙasa, ka zauna kana yanka nama ana sayar da ni?"

Ya ɗan taɓa furannin da bakin takalminsa. "Wancan ya ɗauke ki ya kai Lisbon. Wannan zai ɗauke ki ya kai Wales. Kowa ya zo sai ya tafi da ke. Na ce ko sau ɗaya ki zauna a gida, inda zan iya fitowa da safe in same ki."

Iska ta kaɗa ganyen da ke bin katanga. Lady Dorothea ta ƙura masa ido. Ta san ƙaryar maza kamar yadda Emlyn ya san ciwon doki. Aubrey gashin baki yake murzawa. Jocelyn tsakiyar ido yake kallonka, ko ƙiftawa babu. Wannan kuwa takalminsa yake kallo, kunnuwansa sun yi ja, kuma ba ta zauna da shi ba balle ta san ko haka yake yi in ya yi ƙarya ko in ya faɗi gaskiya. Mai yiwuwa daga zuciyarsa maganar ta fito. Mai yiwuwa kuma Imogen ce ta biya masa ita da safe a gaban madubi, ta ce in rago bai kama tsohuwa ba, Lisbon za ta kama ta. Ta waiwaya. Labulen tagar ɗakin cin abinci ya motsa.

Magana dai iska ce. Abin da mutum zai iya haɗiyewa shi ke nuna yunwarsa.

"Ka san gwangwanin shayin da ke kan kantata?"

Kunnuwan suka ƙara ja. "Na sani."

"Tare za mu zo."

"Mama, wannan maƙabartar dangi ce."

"Eh, na ga dangin." Ta nuna dutsen da sandarta. "Inda aka sami gurbin karya, ai ba a rasa na likitanta ba."

"Haba, Mama."

"Ban gama ba. Dolly ta riƙe sunanta da amincinta, ba na gado da karya. Ni a rubuta mini Dorothea Pugh a ƙasa, shi kuma Emlyn kusa da ni. Abin da Rabaran zai gaya wa amare, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa."

"Imogen za ta..."

"Za ta, ƙwarai. Ka ce mata ta ƙara kuɗin tikiti, yanzu mazan sun zama biyu."

Ya daɗe yana kallon dutsen, ya kalli gidan, ya sake kallon dutsen. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ana iya shigo da shi ta hanyar barga, ta fi kusa da nan."

"Ta ƙofar gaba, Crispin. Ku biyu ku fito bakin matakala, da murmushin nan na ɗazu. Na ga kun iya."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya miƙo mata hannu, ita kuma, da ta hana matarsa riƙe ta, ta saƙala nata a ciki, wai don tsakuwar hanyar tana da santsi. Suka nufi gida a hankali. Labulen ya koma ya tsaya cik.

Sun kai wajen bishiyoyin fure lokacin da ya buɗe baki.

"Pugh," ya ce, a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar baƙon gari.

Ta kasa kunne tana neman ƙayar kifin nan a muryarsa. Ba ta ji ta ba. Amma kunnen nata ya tsufa, kuma ta san da haka.