Maɓallin da Baba Ke Dannawa

Injiniya ta iso reshen da ƙarfe tara na safe, ta tarar benci biyu cike da masu jiran sakamakon gwajin jini. Kamfaninsu na ɗakunan gwaji ne, reshe bakwai, wannan kuwa shi ne na can ƙurya, inda intanet ke ɗiga kamar famfon da ya toshe. Sha biyun rana daidai hedikwata za ta rufe tsohuwar manhajar fitar da sakamako. Duk kwamfutar da ba ta karɓi sabuwar ba ta zama kayan ado, mutanen bencin nan kuma su koma gida hannu rabbana.

Tsarin rabon sabuwar manhajar nata ne, kuma ba ƙaramin ji take da shi ba. Maimakon kwamfuta goma sha ɗaya kowacce ta jawo manhajar ta wannan siririn layi, ɗaya za ta sauke, sauran su kwasa daga wurinta ta wayar cikin gida. Don kada saukewar ta shaƙe aikin rana, sai ta ɗaure tsarin, saukewa da kwasa duka ba sa farawa sai biyar na yamma bayan an tashi. Mako guda cur ta ba su. Ko a filasha ba ta ɗauko manhajar ba, saboda tsabar yarda da kai.

Ta duba kwamfuta ta farko, wayam. Ta biyu, wayam. Kafin ta kai ta shida gumi ya jiƙa mata wuya.

"Manaja, me kuke yi wa kwamfutocin nan in an tashi?"

"Kashewa mana, Injiniya. Ba ku ne kuka aiko da takarda ba? Ga ta can a bango."

Ta ɗaga kai. Sashensu ne kuwa ya rubuta, bara, don rage cin wutar lantarki. Ita ta hana saukewa da rana, su suna kashewa da yamma, to da yaushe za a sauke? An gudu gara an faɗa gidan zago. Ko ta kwance ɗaurin yanzu, layin nan sai ya ci awa shida, ita kuwa uku gare ta.

A ƙarshen benci wata mata na yi wa mijinta fifita da takarda, ya jingina kai da kafaɗarta. Manaja ya rage murya ya ce likita na jiran sakamakonsa kafin a shiga da shi tiyata yau. Kunya da tsoro suka rufe Injiniya, har ta kasa sake kallon wajen.

Ta gama goma, babu ko ɗaya. "Ina ta sha ɗayan?"

"Tana ɗakin ajiya wurin Baba. Kada ki wahal da kanki, tsohuwa ce kamar mai ita."

Ɗakin ajiyar cike yake da kwalayen safar hannu da kwalabe, firji na gurnani a kusurwa. Baba mai kula da kaya ya yaye ƙyallen da yake rufe allon kwamfutar da shi, ya danna wani ɗan maɓalli a gefe. Nan take allon ya kawo haske, ba jira ba komai. Injiniya ta matso, ta duba, ta sake dubawa. Manhajar na nan, cikakkiya, tun shekaranjiya.

"Baba, yaya kake kashe kwamfutar nan?"

"Wallahi kullum ina kashewa, 'yata! Kin ga." Ya danna maɓallin allon, ya yi duhu. "Shekara huɗu ban taɓa fashi ba."

Ta leƙa ƙarƙashin tebur. Can bayan wani kwali akwatin kwamfutar ke ta aikinsa, ƙura ta yi masa hula. Allon kawai bawan Allah ke kashewa. Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta.

Ta kwance ɗaurin, sauran goman suka fara kwasa daga ta Baba. Tana cikin yi wa Manaja bayani ta hangi Baba ya durƙusa yana laluben akwatin.

"Ashe laifi nake ta yi. Bari in kashe ta gaskiyar."

"Baba, a'a!" Ta cafke hannunsa, saura ƙiris. "Don girman Allah kada ka taɓa!"

Sha ɗaya da kwata aka gama. Na'urar bugawa ta fara fitar da takardu, matar nan ta karɓi tasu ta kama mijinta suka fita da sauri, ba ta ma san an yi wani abu ba.

Injiniya ta koma ɗakin ajiya, ta rusuna har ƙasa a gaban tsohon.

"Baba, na gode. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."

Ya kalle ta, yana ninke ƙyallen allon a hannunsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara talatin ina buɗe ɗakin nan kafin kowa ya zo, ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Sai yau da na yi kuskure."

Ta jawo kwali ta zauna kusa da shi, ta ce, "Sannu, Baba."