Ragon Jimrau da Ba a Auna Ba

"Almu, kai ka cuce ni, kuma a gaban Dakoro kaf ka cuce ni!"

Ladidi ce ke faɗin haka a ƙofar biro, wato ofishin hukuma, igiya a hannu, ragonta na tsaye bayanta kamar ɗan maraƙi. Shekara biyu tana ɗura masa harawa da dusa da kanwa, ita tana kwana da ragowar tuwo.

Ga abin da ya faru. Ran bikin cika shekara uku da samun mulkin kai anka yi gasar raguna a kasuwar dabbobi. Wanda ya fi nauyi, a ba mai shi karsana. Wanda ya fi rama, a ba mai shi buhun dusa, ya ji kunya ya gyara. Almu, ɗan lakwal mai karatun boko da ya dawo daga Maradi da alƙalami a kunne, shi anka ɗora kan ma'auni. Tsarin da anka koya masa kuwa, ragon farko shi ke riƙe da kambu, na baya ba ya karɓewa sai ya wuce shi. Haka ma ta wajen rama.

Ragon farko na wani Jimrau ne daga Korahane, tsaka-tsaki, ga tari. Ana rataya shi ya tsinke igiya ya faɗa rumfar masu goro. Almu bai ga inda allura ta tsaya ba, sai ya bar gurbin fari ya ce a kawo na gaba.

Raguna talatin da ɗaya anka auna. Na Ladidi sai da ƙarti uku sunka ɗaga shi. Da la'asar anka yi shela: mafi nauyi, ragon Jimrau. Mafi rama, ragon Jimrau. Mutumin ya ja karsana, ya ɗora dusa bisa jaki, ko waiwaye bai yi ba.

"Inna, ki zauna," in ji Almu.

"Ba zama ya kawo ni ba. Ragon Jimrau kilo nawa?"

"Ba a sani ba."

"Nawa fa?"

"Tamanin da huɗu."

"To?"

"To tamanin da huɗu ta fi abin da ba a sani ba? Ni ban iya rantsuwa. Tunda ban iya cewa ya wuce shi, mai riƙo ya ci gaba da riƙo."

"Ragon maƙwabcina Nagoggo fa, wanda iska ke kayarwa?"

"Goma sha tara. Shi ma ban iya rantsewa ya gaza shi."

Ladidi ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Da nawa ya riga shiga layi fa?"

Almu ya bi takarda da yatsa a natse. "Da kin ci, Inna."

"Ashe ba nauyi kunka auna ba, sammako kunka auna. A aika Korahane a dawo da shi a rataya gaban jama'a."

"Jiya anka yanka shi. Sunan jikan Jimrau."

Ladidi ta ɗaure ragonta a ginshiƙin biro, ƙulli biyu, ta shimfiɗa gyalenta a bakin ƙofa ta zauna ta miƙe ƙafa, yadda mai shiga da mai fita sai ya tsallake ta.

"To kira mini wanda ya koya maka wanga lissafi. Ko shi, ko kai, ko kumandan mai mulkin gari, yau sai wani ya tsaya gaban wanga rago ya gaya mini ina karsanata."