Jaki a Shafin Manaja

Manajan wani kamfanin gadaje da kujeru na tsakiyar yi wa wata mata bayanin ingancin katifa sai matarsa ta kira shi.

"Baban yara, ka leƙa shafin kamfaninku na intanet yau?" Muryarta na rawa, irin ta mai danne dariya.

Ya shige ofis ya buɗe kwamfuta. A inda hotonsa yake, sanye da kwat, hannu a haɓa, yanzu kan jaki ne. An bar masa kwat ɗin. A ƙasa an rubuta: "Mun shigo, ba mu tarar da maigadi ba."

Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Jakin na nan. Ta gilashi ya hango ma'aikatansa sun haɗa kai a kan waya ɗaya, kafaɗunsu na girgiza.

Kafin la'asar aka nemo masa wata injiniya. Ta zauna a kujerarsa ba tare da an yi mata tayi ba.

"Yallabai, mece ce kalmar sirrin shafin?"

Ya raɗa mata.

"Sunanka ke nan fa."

"Da ɗaya a ƙarshe," in ji shi, cikin jin haushi.

Ta sauke shafin daga intanet, ta canza kalmomin sirri, ta kori wani baƙon asusu da masu kutsen suka buɗe wa kansu. Ta ce sun ɓata komai a ciki, sai dai a dawo da kwafin da aka adana.

"Wa ke adana muku?"

Manaja ya yi gyaran murya. Mai yin wannan aikin na cikin mutanen Yayansa, waɗanda ya sallama lokacin da Yayan ke kwance a asibiti, shi kuma ya karɓe kamfanin ya sauya makullai.

Ta lalubo kwafi ɗaya tak, tsohon gaske, ta ɗora.

Shafin ya buɗe fes. Ga Yaya nan yana murmushi, da fensir a bayan kunne, a ƙasa an rubuta: "Wanda ya kafa kamfanin." Can a jerin ma'aikata, tsakanin direba da mai fenti, ga Manaja, siriri, an sa masa: "Mai kula da sito."

Duk abokan cinikin da Manaja ya yi tun da ya karɓe kamfanin, ce musu yake yi shi ya fara kamfanin da zarto ɗaya a gindin bishiya.

"A goge wannan."

"Sai an sake gina shafin, Yallabai, kuma ba aikin yau ba ne. Ko dai ya zauna a rufe."

"A rufe? Gobe masu otal za su duba kayanmu a shafin kafin su sa hannu a kwangila."

Ta naɗe hannu tana jira. Ya daɗe yana kallon murmushin Yayansa. Sannan ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Wancan na ɗazu, jakin. Ana iya mayar da shi?"