Babin Ƙarshe a Barandar Onelia

Tun da ciwo ya kwantar da Argelio, 'yan ƙungiyar karatu suka mayar da zamansu barandar gidansa. Matarsa Onelia ta jawo gadonsa ta manna shi da taga, ta cire labule, don muryar mai karatu ta riƙa isa gare shi.

Su biyar suka rage. Dukkansu a kamfanin taba ɗaya suka tsufa, a nan garin Camajuaní, suna naɗa ganye da hannu, Hortensia kuma tana zaune a bisa dandamali tana karanta musu littafi da ƙarfi. Haka aikin yake tun ba a haife su ba, hannu na naɗi, kunne na saurare. In labari ya yi daɗi ba a tafi, don hannu ba shi da sarari. Kowa sai ya buga bayan wuƙarsa ta yankan ganye a kan katakon aikinsa, ɗakin ya ɗauka kamar ruwa na sauka a rufin kwano. Da tsufa ya sallame su, kowa ya tafi gida da wuƙarsa da katakonsa, amma kunnuwansu suka ƙi sabawa da shiru. Shi ne suka riƙa haɗuwa Talata da Juma'a da yamma, kowa da katako a cinya, ba ganyen da za a naɗa.

Faɗa kan zaɓen littafi kuwa bai taɓa ƙarewa ba. Zoraida, wadda ta binne maza biyu, labarin soyayya kawai take so, mai kuka da rabuwa, kuma tana zagin mazan cikin littafin kamar suna jin ta. Fermín tarihin yaƙe-yaƙe yake so, sai dai ba a cika shafi biyu ba tare da ya fara gyangyaɗi ba.

"Ido na rufe, kunnena a buɗe yake," in ji shi kullum.

"To ka rufe hancin ma, yana hana mu ji," in ji Zoraida.

Hortensia ba ta zaɓe, don mai karatu ba ta da baki a wannan. Argelio kuwa na kisan kai yake so, irin wanda za a tsinci gawa a shafin farko, a kwana ana neman wanda ya yi. Onelia ta tsani irin waɗannan. Ta ce duniya ta ishe ta da mutuwa, ba sai an karanto mata ba. In aka fara su, sai ta shige kicin ta daɗe tana tace gahawa.

Wannan karon ba a yi faɗa ba. Da aka zo zaɓe, kowa ya ɗaga wuƙarsa ga littafin Argelio, har Zoraida, tana harare-harare. Labarin wani mai kantin magani ne da aka samu a mace a rumbun sukari, bakin tashar jirgin ruwa. Argelio yana kwance da katakonsa a ciki, in wuri ya yi masa daɗi sai a ji ƙwas-ƙwas daga cikin ɗaki.

Dokokinsu kaɗan ne. Littafi a hannun Hortensia yake kwana, ba mai leƙa gaba, har ita kanta. Kuma ba a karanta babin ƙarshe sai kowa yana nan. Argelio ne ya kafa wannan, shekarar da aka yi wa Zoraida aikin ido suka ƙarasa littafi babu ita, ta yi damina guda ba ta gaishe su ba.

Ranar da likita ta ja Onelia gefe ta ce mata ba sauran abin yi sai a rage masa zafi, ranar karatu ce. Fermín ya leƙa ta taga ya tambayi jiki.

"Kai dai zauna," Argelio ya ce. "Ba inda za ni sai na ji wanda ya kashe mai kantin nan. Ni surukin nan nasa nake zargi."

"Kowa kake zargi," in ji Zoraida. "Makon jiya matarsa ka ce."

Aka yi dariya. Onelia tana tsaye da faranti da ƙananan kofuna, ba ta yi dariya ba. Hannun Hortensia take kallo. Shafukan da suka rage tsakanin yatsarta da bangon baya ba su kai kaurin yankan burodi ba.

Washegari ta tafi gidan Zoraida. Ta same ta tana tsintar shinkafa.

"Ƙawata, ranar Juma'a kada ki zo."

"Me na yi miki?"

"Babi ɗaya ya rage. In ba ki zo ba, ba za a karanta ba."

Zoraida ta ajiye tiren. "Onelia, wasa fa yake yi. Mutum ba ya mutuwa don littafi ya ƙare."

"Ke ba ki san shi ba. Abinci ya daina ci. Rediyo ya ce in kashe. Amma ran karatu tun safe yake cewa in aske masa gemu. Ki gaya mini, in an gama, don me zai yi aski?"

"Sai a fara wani."

"Ba zai fara wani ba. Na gani a idonsa."

Zoraida ta share hanci da gefen riga. "To me zan ce?"

"Ki ce gwiwa."

"Gwiwata lafiyarta ƙalau, ta fi ta mazan garin nan duka. Amma to."

Ran Juma'a kujerar Zoraida ta zauna babu kowa. Hortensia ta dubi kujerar, ta dubi Onelia, ta mayar da littafin cikin jaka ta fiddo jarida. Ta karanta musu labarin noman rake da na wasan ƙwallon sanda. Ba a ji bugun katako daga ɗaki ba.

Talata ma gwiwar ba ta warke ba. Da abin ya fara yawa, Onelia ta roƙi Fermín, shi kuma ya ce haƙori. Hortensia ba ta ce komai ba sai ranar da Onelia ta raka ta bakin hanya.

"Shekara talatin ina karatu a dandamali, na san lokacin da ɗaki ke yi mini ƙarya," ta ce. "Ba zan tona ki ba. Amma ki saurari numfashinsa, 'yar uwa."

Onelia tana saurare. Ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ita ta san yadda yake cije gefen matashi don kada ta ji. Ƙafafunsa sun kumbura, bayansa ya fara gyambo. Amma duk ran karatu yana cewa a yi masa aski, ita kuma tana riƙe da wannan.

Wata safiya tana goga masa sabulu a haɓa, ya kama wuyan hannunta. Hannun ba ƙarfi, amma ta tsaya.

"Tsohuwa, yaya gwiwar Zoraida?"

"Da sauƙi."

"Na ji sauƙin. Jiya ta wuce nan da gudu za ta layin sayen kaza. Takalminta na sani, shekara nawa tana wucewa ta bayan bencina a kamfani."

Onelia ta ci gaba da goga sabulun inda ta riga ta goga.

"Fermín kuma haƙori," ya ce. "Mutumin da haƙoransa ke kwana a cikin kofi."

"Ka yi shiru, zan yanke ka."

"Onelia." Rabon da ya kira sunanta haka har ta manta. "Na gaji. Ba littafin ne ya riƙe ni ba. Ki bar ni in ji ƙarshen tun ina gane abin da ake faɗi. Jiya na nemi sunan mai binciken nan na cikin littafin na rasa."

"Kowa na mantuwa."

"Ki kira su Juma'a."

"To," ta ce.

Ba ta kira su ba. Ta fita da niyyar zuwa gidan Zoraida, ta kai har bakin ƙofa, ta juyo ba ta buga ba. Ta ce wa kanta mako ɗaya kawai, mako ɗaya ba zai yi komai ba. Ran Juma'a aka sake karanta jarida. Argelio ya juya fuskarsa bango, ranar bai yi mata magana ba.

Asabar da hantsi ciwon ya taso masa yadda bai taɓa ba. Ya yi ihu har maƙwabciya ta shigo da gudu. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi masa allura, ta ce daga yau za a ƙara masa maganin, kuma zai riƙa yawan barci. Onelia ta zauna a bakin gado tana kallon haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Da ta tashi, ko takalmi ba ta sa daidai ba, ta tafi ta buga wa kowa ƙofa.

Zoraida ta zo. Hortensia ta zo da littafin a ƙirji. A gidan Fermín kuwa ƙofa a kulle. Maƙwabcinsa ya ce 'yarsa ta haihu a birnin Santa Clara, an yi mata aiki, ya bi motar safe. Wannan karon ba ƙarya ba ce.

Hortensia ta tsaya a bakin taga. "Argelio, kana ji na? Fermín ba ya nan, amma zan karanta. Laifin karya dokar ya hau kaina."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Fermín fa?"

"Yana Santa Clara. Ya yi jika."

"A jira shi."

"Haba tsoho," Onelia ta ce. "Fermín barci yake yi in ana karatu. Ko ya zo ba abin da zai ji."

"Ya zaɓi littafin nan saboda ni. Bai so shi ba." Ya numfasa. "Ni na kafa dokar. Ba za a karya ta a kaina ba."

"Don Allah, Argelio," in ji Zoraida. "Ni aka yi wa laifin wancan karon, ni kuma na yafe."

Ya riga ya rufe ido. Hortensia ta daɗe a tsaye da littafin, yatsarta a cikin babin. Ta san in ta karanta zai ji a ransa an raina shi a gidansa. Ta rufe.

Aka yi wa Fermín waya gidan maƙwabtan 'yarsa. Ya ce gobe. Goben jikin 'yar ya rikice. Da ta samu sauƙi kuma mota ta yi wuya, ba man fetur. Onelia ta riƙa fita bakin titi tana duban hanya, ta dawo ta dubi gado. Argelio ya daina tambayar aski. Wani lokaci yana kiran ta da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun suna yara.

Fermín ya iso a bayan motar ɗaukar kaya, rigarsa duk ƙura, ko gida bai biya ba. Ya aro katakon Onelia ya zauna. Suka shigo da kujerun cikin ɗaki suka kewaye gadon. Onelia ta tallafo kan mijinta da matashi, ta ɗora masa katakonsa, ta sa masa wuƙar a hannu ta naɗe yatsunsa a kai. Idonsa a buɗe yake.

Hortensia ta karanta da muryarta ta dandamali, wadda take cika ɗakin mutum ɗari. Fermín bai yi barci ba. Zoraida ba ta zagi kowa ba. Mai binciken ya tara mutane a rumbun sukarin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya nuna Cipriano, surukin mamacin.

"Ka ji!" Fermín ya daka wuƙarsa a katako. "Surukin ne! Kai ka faɗa tun farko, ɗan banza, kai ka faɗa!"

Zoraida ma ta buga, tana kuka. Hortensia ta ƙarasa layin ƙarshe ta rufe littafin.

Argelio ya dube su ɗaya ɗaya, kamar baƙon da ya shigo ana tsakiyar hira. Ya juyo wajen matarsa.

"Wane ne Cipriano?"

Fermín ya sunkuyar da kai. Hortensia ta buɗe baki za ta yi bayani, Onelia ta ɗaga mata hannu.

"Ku je," ta ce. "Ni zan gaya masa."

Da suka fita ta matso da kujerarta. "Ka ga, wani mutum ne mai kantin magani," ta fara. "Sai aka same shi a mace a wani rumbu. Yana da mata. Matar kuma tana da wa, ko ƙane ne, shi ne Cipriano. Sai…"

Ta tsaya. Ba ta san abin da ya biyo baya ba. Duk tsakiyar labarin tana kicin. Ta san akwai jirgin ruwa, akwai wani mabuɗi, ta taɓa jin suna gardama kan wata kwalba, amma ba ta san yadda suka haɗu ba.

"Sai me?" ya ce a hankali.

"Sai jirgi ya zo," ta ce. Ta ci gaba da harhaɗa abin da ta tsinta ta ƙofar kicin, tana cike gurbin da abin da ya zo bakinta. Ya saurara kaɗan, yana kallon leɓenta. Kafin ta kai ga mabuɗin barci ya ɗauke shi.

Bai ƙara yin wata doguwar magana ba. Ranar Lahadi da rana tsaka ya cika, Onelia tana tsakar gida tana shanya zanen gadonsa.