Neman Irja a Cikin Injin

"Kar ki sake danna wannan!" Veikko ya daka min tsawa daga kan gado, bututun iska na rawa a hancinsa. "Ga shi kin sake sandarar da kwamfutar."

"Ni? Kai ka ce in buɗe folda!"

Na tsufa ina tuƙa bas a birnin Tampere, ban taɓa ɗaukar fasinja mai sa ciwon kai irin maƙwabcin nan nawa ba. Miyar kifi kawai na kawo masa. Likita ta ce ba zai ga Lahadi ba, shi kuwa ya dasa ni gaban tsohuwar kwamfutarsa, wai hannunsa na karkarwa, ni zan zama yatsunsa.

Shekarun baya ya maƙala kyamara a taga don ya kama zomon da ke gaigaye masa itacen tuffa. Ta yi ta ɗaukar hoton tsakar gida ba hutu, tana zubawa a folda ɗaya tal. Matarsa Irja har ta mutu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, amma tana wani wuri a cikin hotunan nan, tana shanya ko kwasar ƙanƙara. Ita yake son gani kafin ya tafi.

"Rayuwarka duk a rubuta manhaja ta ƙare," na ce, "amma ka jibge miliyoyin hotuna wuri guda kamar shara."

"Sirkka, bakinki ya fi hannunki sauri. Abin da kike dannawa so yake ya kwashe sunayen kaf, ya jera su, sannan ya nuna miki. Kafin ya gama an binne ni. Tsallake shi za mu yi, mu tambayi zuciyar injin kai tsaye. Rubuta wannan umarni: getdents."

"Get-me?"

"Rubuta dai! Bokiti za ki miƙa mata, ta cika shi da sunaye, ki juye, ki sake miƙawa. Da zarar ya dawo wayam, an gama."

Yana faɗa ina bugawa, yana tari ina gogewa. Ana haka nas Outi ta shigo da allurar rage zafi. Ya kau da kai.

"Barci za ta sa ni. Ki jira."

"Veikko, gumi kake yi don azaba," in ji ta.

"Azabata ga ta can zaune, tana neman harafi da yatsa ɗaya."

Na rantse saura kaɗan in tashi in bar masa gidan. Na danna da ƙarfi. Sai ga hotuna sun fara tahowa: ƙanƙara, ciyawa shar, ƙanƙara, ganye ja, duhu.

"To me ya sa a hargitse?" na ce. "Ta ina za mu nemo shekarar da take raye?"

"Ba za mu nemo ba. Yadda ta ga dama take bayarwa, ba ruwanta da jiya ko bara. Ki ci gaba."

Tsakar gida ba kowa. Hankaka. Ɗan aika wasiƙu. Ba kowa kuma. Wuyana ya ƙage, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Outi ta dube ni, na gane lokaci na ƙurewa, na ƙara sauri ina zaginsa a zuci.

"Tsaya!"

Na tsaya. A can gefen hoton, ƙafa ɗaya ce cikin jan takalmin roba, sauran jikin ya riga ya fice.

"Wannan ai takalmi ne, Veikko. Bari in ƙara gaba, wataƙila a samu fuska."

"Taɓa ki gani. Na san tafiyar matata." Ya miƙa wa Outi hannu. "Yanzu ki yi allurar."

Kafin rana ta faɗi ya cika, fuskarsa na kallon allon. Outi ta zare bututun, ta buɗe taga kaɗan. Ni dai ina zaune, hannuna a cinya. A cikin hoton ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, diddigen takalmin ya ɗaga daga ƙasa.